Daga Ƙwaryar Jiƙo Zuwa Tukunyar Matsi

Duk wanda ya taɓa kwanciya da zazzaɓi a gidan da ke da tsohuwa ya san ƙwaryar jiƙo. Sassaƙen maɗaci ne ko ganyen darbejiya, an zuba masa ruwan randa tun bayan isha'i, an rufe da faifai an tura ƙarƙashin gado. Kafin asuba ruwan ya rine. A tace da tsumma a miƙo maka, kana yamutsa fuska ana cewa, "Daure ka shanye, ɗan nan, ɗacin shi ne maganin." Tsohuwar ba ta san sunan abin da ya baro ɓawon ya shiga ruwan ba. Amma aikin da ta yi shi ne dai wanda masana'antun magani, na turare da na abinci ke zuba wa dukiya a yau: a raba ɗan abin da ke aiki a jikin mutum da tulin itacen da ya ɓoye shi.

Abin da ya yi ta canzawa cikin shekaru ɗari biyun nan shi ne ruwan da ake jiƙon da shi. An bar ruwan randa an koma wasu ruwaye masu kaifi da ake samu daga kwal da ɗanyen mai. Aka ci ribarsu, aka sha wuyarsu, yanzu kuma ana laluben hanyar dawowa. Da can tambayar mai wannan sana'a guda ce: nawa aka samu? Wuya ce ta sa ya ƙara ta biyu: me aka bari a baya, a cikin maganin, a huhun ma'aikaci, a kwata, da jikin bishiyar?

Zamanin ruwa da tururi

Shekaru dubbai kayan aikin ba su wuce ruwa, mai, zuma, nono, ruwan tsami da barasa ba. Dabarun ma ƙidayayyu ne: a jiƙa, a dafa, a daka a matse, ko a turara. Matan da ke kaɗa man kaɗe suna soya ƙwara su niƙa, su yi ta bugun ƙullun da ruwa har mai ya taso fari a sama. Mai ƙuli-ƙuli kuwa ba ta da abin zubarwa: mai ya tafi kwalba, tunkuza ta faɗa kasko.

Babban ci gaban wancan zamani shi ne kama tururi. A ƙarni na 9, a Bagadaza, al-Kindi ya rubuta littafi kan haɗa turare mai ɗauke da haɗe-haɗe sama da ɗari. A dafa fure a rufaffiyar tukunya, tururi ya kwaso ƙamshin, ya bi ta bututu ya huce, ya ɗiga a wani mazubi. Haka aka samu ruwan wardi, kuma har gobe haka ake fitar da man na'a-na'a da na kanumfari.

Aibin jiƙo shi ne rashin ma'auni. Sassaƙen rani daban da na damina, na tsohuwar bishiya daban da na ƙarama. Ƙwaryar yau ta yi ƙarfi har ta kayar da mutum, ta gobe ta zama salam. Likita ba ya iya cewa sha kaza, domin shi kansa bai san nawa ke ciki ba.

Ranar da aka ga ƙwayar maganin

Wajajen 1805 wani matashi mai koyon haɗa magani a garin Paderborn na Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware wani farin gari daga ƙaron ofiyom. Shi ne mofin, mai kashe zafin ciwo. A 1819 Friedlieb Runge ya fitar da kafeyin daga 'ya'yan gahawa da marubuci Goethe ya ba shi, sinadarin nan da ke hana mai cin goro barci. A 1820, a Faris, Pelletier da Caventou suka ciro kwinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka. Daga nan magani ya zama abin aunawa a sikeli.

Mu ma labarin ya taɓa mu. A 1841 Turawan Ingila suka shigo kogin Neja da jirage, zazzaɓi ya kashe musu mutum sama da 40. A 1854 William Baikie ya hau Neja da Binuwai a jirgin Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma bai rasa ko ɗaya ba. Garin da aka tatso daga ɓawon itace a Faris yana cikin abubuwan da suka buɗe wa Bature ƙofar ƙasarmu.

Ruwa kaɗai ba ya wannan aiki. Yawancin waɗannan sinadarai ba sa narkewa sosai a cikinsa, kamar yadda maiƙo ba ya fita a riga sai da sabulu. Sai aka shiga neman ruwan narkarwa mai ƙarfi: eta, kulorofom, benzin da ake samu daga kwaltar kwal, daga baya hekzen na matatar mai. A 1879 masanin kimiyyar noma Franz von Soxhlet ya fito da wata na'urar gilashi don auna maiƙon madara, ta zama uwar ɗakin wannan sana'a. Ruwan narkarwa na tafasa a tulun ƙasa, tururinsa ya hau ya huce, ya ɗiga kan garin ganye da ke cikin ƙunshin takarda. In ya cika ya zuƙe kansa ya koma ƙasa da abin da ya wanko, a sake zagaye. Haka za ta yi ta yi awa shida, awa goma, wani lokaci kwana.

Na taɓa raka wani ƙanena ɗakin gwajin makarantarsu yana aikin kammala digiri kan ganyen zogale. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni, kamar an buɗe tankin fetur. Tagogi a rufe saboda ƙura, fankar zuƙe iska ta daɗe da mutuwa. Da yamma ya samu ɗan kore-koren abu da bai cika cokalin shayi ba, ya ɗauki ragowar ruwan ya nufi wurin wanke hannu. Na ce, "Ina za ka kai wannan?" Ya ce, "Yaya, nan kowa ke zubawa." Na leƙa ta taga na bi bututun da ido. A kwatar da ke bayan ginin yake ƙarewa, awaki na kiwo a gefenta.

Garin neman ƙiba

Abin da ƙanena ya yi da kwalba ɗaya, masana'antu sun yi shi da tankoki. Babu labarin da ya nuna haka kamar na gahawa. A 1906 wani ɗan kasuwar Bremen, Ludwig Roselius, ya yi rajistar dabarar cire kafeyin daga gahawa, don masu son ɗanɗanonta ba tare da bugun zuciya da rashin barci ba. Da benzin yake wanke ta. An tallata ta a matsayin abin sha na masu kula da lafiya, alhali benzin na cikin abubuwan da daga baya aka tabbatar suna jawo sankarar jini. Da aka bar shi aka koma wani mai suna tirikuloro'etilin. An gudu ba a tsira ba: a tsakiyar shekarun 1970 gwajin cibiyar binciken sankara ta Amurka ya nuna yana sa wa ɓeraye sankarar hanta, kamfanonin gahawa suka sake shi.

Alamar ta daɗe da bayyana, ba a dai kula ba. Tun 1916 aka ba da rahoton shanu a Sikotilan suna mutuwa da zubar jini bayan sun ci dusar waken soya da aka tatse manta da wannan sinadari. Hekzen, wanda ya gaji wurin a masana'antun mai, shi ma da nasa. A shekarun 1960 aka ga masu haɗa takalma a Japan, da ke shaƙarsa a cikin gam, hannuwa da ƙafafunsu na mutuwa. Ranar 13 ga Fabrairun 1981 hekzen da ya malalo daga wata masana'antar waken soya ya taru a magudanan ƙarƙashin birnin Louisville na Amurka, ya kama wuta da asuba, tituna suka tsage. Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

Me ya sa ba a rabu da shi ba? Saboda yana da arha, yana tafasa a digiri 69 kacal don haka raba shi da mai ba wuya, kuma yana tatse iri ƙarƙaf. Injin matsa kan bar kashi biyar cikin ɗari na mai ko fiye a cikin tunkuza, hekzen ba ya barin ko kashi ɗaya. Har yau yawancin man girkin da manyan masana'antun duniya ke tatsa daga iri ta hannunsa yake bi.

Darasi daga Sin

Ana cikin haka wani darasi ya zo daga inda ba a zata ba. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon maganin maleriya. Wata masaniya, Tu Youyou, ta gwada wani tsiro ɗan'uwan tazargade. Yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta koma wani littafin magani na ƙarni na 4, na Ge Hong, ta lura cewa shi jiƙawa yake a ruwa ya matse, ba ya ɗorawa a wuta. Ashe tafasawar ce ke lalata maganin. A 1971 ta sake tatsa da eta, wanda ke tafasa a digiri 35, samfurin ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Daga nan aka samu atemisinin, ginshiƙin maganin maleriyar da ake ba mu a asibiti yau, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015.

Eta ba abokin muhalli ba ne, ga shi da saurin kama wuta. Amma aikin Tu ya tabbatar da abin da mai zoɓo ta sani: in ka cika wa abu wuta, ka kashe abin da kake nema. Zoɓon da ya daɗe yana tafasa jansa dushewa yake. Citta ma in ta sha zafi sinadarin yajinta juyewa yake zuwa wani. Ashe sassauci ba muhalli kaɗai yake yi wa amfani ba, har da kayan.

Iskar da ta koyi aikin ruwa

Maganin matsalar gahawa yana kwance a littattafai tun kafin Roselius ya fara aikinsa. A 1822 wani Bafaranshe, Cagniard de la Tour, ya zuba ruwan narkarwa a bututun bindiga tare da ƙwallon dutse, ya toshe, ya ɗora a wuta yana jujjuyawa yana saurare. Yana jin ƙwallon na fantsama ruwa, can da zafi ya kai wani matsayi sai ƙarar ta ɗauke. Abin da ke ciki ya daina zama ruwa, bai kuma zama tururi irin wanda aka sani ba. A 1869 Thomas Andrews ya auna wannan iyaka ga iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa a numfashi, wadda kuma ke sa lemun kwalba kumfa: zafin digiri 31, da matsi kimanin ninki 73 na iskar da ke kanmu. In ta haye nan, tana ratsa abu kamar iska, tana narkar da abu kamar ruwa. A 1879, shekarar da Soxhlet ya fito da na'urarsa, Hannay da Hogarth suka nuna cewa abu a wannan hali yana narkar da daskararrun sinadarai. Hanyoyi biyu suka buɗe a shekara ɗaya. Duniya ta bi mai sauƙin, ɗayar ta yi kusan shekara casa'in tana jira, domin ƙera tukunyar da za ta jure irin wannan matsi ba wasa ba ne.

Kurt Zosel ne ya tashe ta a shekarun 1960, a cibiyar Max Planck ta binciken kwal da ke Mülheim. Ya gano cewa iskar kabon da aka matse tana zaƙulo kafeyin daga ɗanyar gahawa mai laima, ta bar yawancin abin da ke ba ta ɗanɗano. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka fara aikin a masana'anta, a Bremen, a kamfanin da Roselius ya kafa. Inda aka fara da benzin nan aka rufe da iska.

Yadda abin yake: a jiƙa 'ya'yan gahawa su kumbura, a zuba a tukunyar ƙarfe mai kaurin bango, a turo iskar da matsi mai tsanani ta yi ta zagayawa na sa'o'i. In ta fito a wanke ta da ruwa, kafeyin ya zauna a ruwan, a sayar wa masu lemun kwalba da masu magani. Iskar kuma ta koma tukunya. Da an sassauta matsi sai ta tashi ta bar kayan a bushe, babu wari babu saura. Ba ta kama wuta. Ita kanta ba sabuwa ake ƙerawa ba, rarar masana'antun taki da makamantansu ce ake tarawa. Yau da ita ake tatsar man citta, na masoro da kayan ƙamshi iri-iri. Rauninta biyu ne: injinta na da tsadar gaske, kuma ta fi son abu mai maiƙo. Sinadaran da ke son ruwa, irin jan zoɓo, sai an ɗiga mata ɗan etanol kafin ta ɗauko su.

Lokacin da aka fara lissafin shara

A shekarun 1990 abin ya tashi daga gyaran ɓaraka ɗaya-ɗaya ya zama tsari. A 1992 Roger Sheldon ya kawo wani ma'auni mai sauƙi: a auna sharar da aka tara, a raba da kayan da aka samu. Masana'antar magani, mai fararen riguna da ɗakuna masu sheƙi, ita ta fi kowa: kilo 25 zuwa sama da 100 na shara kan kowane kilo ɗaya na magani, kuma ruwan narkarwa ne mafi yawanta. A 1997 hukumomin magunguna na Turai, Amurka da Japan suka raba waɗannan ruwaye gida uku tare da iyakar abin da aka yarda ya rage a cikin magani: benzin kashi 2 cikin miliyan, hekzen 290, etanol 5,000. A 1998 Paul Anastas da John Warner suka wallafa ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai mai kiyaye muhalli, wadda ta farko a ciki ita ce hana shara ya fi share ta.

Dabaru suka yi ta fitowa, kusan duk a kan tunani guda. Maganin yana kulle ne a cikin ƙananan ɗakunan tsiro masu bango. Maimakon a jira ruwa mai kaifi ya ratsa bangon cikin sa'o'i, a fasa shi, sai ruwa mai sauƙi ya wadatar.

A 1986 wasu masana a Hungari, Ganzler da abokan aikinta, suka gwada injin ɗumama abinci na maikurowef. Shi daga ciki yake dafa abu: ɗan ruwan da ke cikin ganye ya zama tururi, ya fasa bango kamar yadda masara ke fashewa ta zama gugguru. A 2004, a tsibirin Reunion, Lucchesi, Chemat da Smadja suka sa ɗanyen ganyen na'a-na'a da ɗoɗɗoya a irin wannan inji ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba. Cikin minti 30 suka samu man da tukunyar tururi ke bayarwa cikin awa huɗu da rabi.

Wata dabarar da sauti take aiki, sautin da ya fi ƙarfin kunne, ɗan'uwan wanda ake duba mai ciki da shi a asibiti. In ya ratsa ruwa yana haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa da ƙarfi. Injiniyoyin jiragen ruwan Ingila ne suka fara cin karo da wannan kumfa a shekarun 1890, tana hana farfelar jirgi aiki yadda ya kamata. Abin da ke cin ƙarfe, bangon ganye ba zai gagare shi ba.

Ruwan randa ma ya dawo da sabon hali. In aka toshe shi a tukunyar matsi ba ya tafasa a digiri 100, yana nan ruwa har can sama. Yana ƙara zafi yana sauya ɗabi'a, wajen digiri 250 sai ya riƙa narkar da abubuwa kusan kamar etanol. In ya huce ya koma ruwansa na jiya. Sai dai darasin Tu Youyou na nan: ba kowane sinadari ke jure wannan zafi ba.

Wanda ya fi ban mamaki ya fito daga jami'ar Leicester a 2003. Andrew Abbott ya haɗa gari biyu busassu: kolin kuloraid, da ake sa wa a abincin kaji, da yuriya, takin da manomi ke zuba wa masara. Na farko sai ya haura digiri 300 yake narkewa, na biyu 133. Da aka gauraya su, kashi ɗaya da kashi biyu, suka zama ruwan da ba ya daskarewa sai a digiri 12. A 2011 masana a Leiden ta Holan, Young Hae Choi da Robert Verpoorte, suka nuna cewa sukari, tsamin lemo da makamantansu ma suna yin haka, har suka kawo hasashen cewa tsiro kansa da irin wannan ruwa yake ajiye sinadaransa. Matsalarsa kauri, kamar zuma, kuma ba ya tashi a wuta, don haka raba shi da abin da ya narkar aiki ne.

Sharar gona ma ta shigo. Daga ɓawon lemo ana samun limonin, mai narkar da maiƙo. Daga totuwar masara da tuƙar rake ana haɗa wani ruwa da Tarayyar Turai ta amince a 2023 a yi aikin abinci da shi, ana sa ran ya rage wa hekzen kasuwa. A 2012 Farid Chemat, ɗan asalin Aljeriya wanda a lokacin yake koyarwa a Avignon ta Faransa, tare da Maryline Vian da Giancarlo Cravotto, suka tattara duk wannan cikin ƙa'idoji shida: tsiron da ake iya sake nomawa, ruwan narkarwa marar cutarwa, ƙarancin makamashi, mai da saura abin amfani, taƙaita matakai, da kaya mai tsabta wanda bai lalace ba. Mai ƙuli-ƙuli ta cika ta huɗu tun kafin a rubuta ta.

Ita kuma bishiyar fa?

Ba banza aka sa tsiro a farkon jerin ba. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wata bishiya mai jinkirin girma a dazukan arewa maso yammacin Amurka. A 1971 Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana sinadarin da ke ciki, taksol, wanda ya zama babban maganin sankarar mama da ta ƙwan mace. Amma maganin mutum ɗaya na cin ɓawon bishiyoyi da dama, kuma duk wadda aka feɗe ta mutu. Masu ciwo na jira, masu kare daji na ihu. Mafita ta zo mataki biyu. Pierre Potier a Faransa ya gano cewa ganyen 'yar'uwarta ta Turai na ɗauke da wani sinadari da ake ƙarasawa ya zama maganin, ganye kuwa yana sake tohowa. Daga baya aka koma renon ƙwayoyin bishiyar a manyan tankoki a Jamus, cikin ruwa da sukari, ba a taɓa daji ba. Wannan ya ci lambar yabon shugaban Amurka ta kimiyya mai kiyaye muhalli a 2004.

Maƙwabtanmu na Kamaru ba su yi wannan sa'a da wuri ba. Akwai wata bishiyar kan duwatsu da masana ke kira Prunus africana, wadda ake tatsar ɓawonta a Turai don ciwon da ke hana dattawa fitsari. Aka yi ta feɗe ta har aka sa ta cikin jerin tsirran da ake sa wa ido a cinikin duniya a 1995, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da sayenta daga Kamaru na wani lokaci. Ko da iska mafi tsabta aka tatse wannan ɓawo, bishiyar da aka kewaye da gatari ba za ta tashi ba.

Lissafi a gida

Zoɓonmu, cittarmu, ƙaro, riɗi da ƙwarar kaɗanya a buhu suke fita, a tatse su a wata ƙasa, su dawo mana a ƙananan kwalabe da tsada ninki-ba-ninki. Mai son gyara wannan zai iya ɗauka cewa sayo injin iskar kabon shi ke nan. Ba nan gizo ke saƙa ba. Injin da janareton dizal ke juyawa dare da rana ya mai da dattin daga kwata zuwa sama ne kawai. Ruwa ma ba kyauta ba ne: ƙafar da kilo ɗaya nasa na cin zafi kusan ninki bakwai na abin da hekzen ke ci. In da itace za a hura wannan wuta, daji ne ya biya. Duk macen da ke kaɗa man kaɗe ta san yawan itacen da tukunyarta ke lashewa.

Abin da tarihin nan ya koyar shi ne a yi lissafin tun daga gindin bishiya har bakin kwata. Wani wuri amsar injin zamani ce. Wani wuri etanol ne daga rogo ko rake, a rufaffiyar tukunyar da ke mai da shi a sake aiki da shi, da busarwa a rana. Wani wurin ma amsar na hannunmu tuntuni. Manomin da ke daka 'ya'yan darbejiya ya jiƙa su kwana, ya tace ya fesa wa wakensa da yamma, yana tatsar sinadarin da masana a Ingila suka ware a 1968, kuma fesawar yamma daidai ce domin hasken rana na lalata shi. Abin da jiƙonsa ya rasa shi ne abin da na tsohuwa ya rasa tun farko, wato ma'auni. Nan ne aikin ɗakunan gwajinmu yake: su faɗa mana nawa ke cikin ƙwaryar, nawa ke warkarwa, nawa ke illa ga hanta da ƙoda. Don abu ya fito daga itace ba ya nufin ba ya kisa.

A Kamaru, ƙa'idar da aka shimfiɗa wa masu sassaƙa ita ce a raba jikin bishiya gida huɗu, a ɗebi biyu masu kallon juna, a bar biyu, kada a dawo sai bayan shekaru. Da na karanta haka sai na tuna yadda tsohuwarmu ke aiken yara sassaƙe: "Gabas da yamma za ku saro, kada ku kewaye ta." Mun ɗauka wani sirri ne na magani. Ko mene ne dalilinta, ɓawon kudu da arewa da aka bari shi ke kai wa saiwa abinci har raunin ya rufe. Maɗacin da ke ƙofar gidanmu yana nan da tabonsa biyu, yana ba da inuwa. 'Yan'uwansa na bakin titi, da masu sayarwa a buhu suka kewaye, tuni aka faskara su.